Fitilar dankali a bayan labule

Na sauka a birnin Odessa da ke bakin tekun Bahar Aswad cikin watan Satumban 1979, ina ɗan shekara 20, bayan na samu gurbin karatun likitanci irin wanda Tarayyar Sobiyet take bai wa ɗaliban Afirka a wancan zamani. Mahaifina ya raɗa mini sunan Annabi Musa, amma ban yi wata uku a can ba sai da abokan karatuna suka mayar da ni Misha, domin shi ya fi sauƙi a bakinsu, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, saboda baƙon da aka yi wa laƙabi yakan ji kamar an ba shi wurin zama. Da na shiga shekara ta uku ta likitanci, salla ta riga ta zama sai ranar da na tuna. Azumi a waɗannan shekaru yana faɗowa ne cikin Yuni da Yuli, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, mutum ya yi kusan awa 18 baki rufe ga jarrabawa a gabansa, sai na yi wa kaina fatawar cewa ni matafiyi ne, alhali babu inda nake zuwa. A ɗakin cin abinci kuma na daina tambayar naman da aka cusa cikin tsiren da suke kira kolbasa. Babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Abin da ya ci ni shi ne murmushin da ake yi wa mai salla, irin wanda ake yi wa yaron da har yanzu yake tsoron dodo, da kuma kwaɗayin a ce ni ma wayayye ne.

A cikin wannan hali ne na haɗu da malamar da ta koya mana Rashanci a shekararmu ta farko, wata yammacin Disambar 1982, a wurin jiran taragon cikin gari. Ta ce mahaifiyarta ba ta da lafiya, an rubuta mata allurar safe da yamma, ko zan iya zuwa in riƙa yi mata ta yamma. Ta faɗi maganar ne ƙasa-ƙasa, domin malami ya shigar da ɗalibi ɗan ƙasar waje gidansa abu ne da zai iya jawo tambayoyi, ballantana a lokacin, wata guda kacal bayan rasuwar shugaban ƙasar, Brezhnev, ga Andropov wanda ya daɗe yana shugabancin hukumar leƙen asiri ta KGB ya hau mulki.

Gidan yana unguwar Moldabanka, irin gidajen nan da iyali huɗu suke tarayya a ɗakin girki ɗaya da banɗaki ɗaya, kowa yana jin tarin maƙwabcinsa. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, 'yar ƙarama, idanunta a tsaye. Malama ta gabatar da ni da sunan da kowa ya san ni da shi.

"Misha?" in ji tsohuwar. "A Afirka ma akwai Misha? Yaro, da wane suna mahaifinka yake kiranka?"

Na ce, "Musa, Kaka."

Ta yi shiru, sannan ta maimaita sunan da lafazin harshensu na Yidish, ta ce Moishe. Ta nuna hoton wani mutum mai tabarau a bango, ta ce mijinta ne, sunansa ke nan, amma ya mutu kowa yana kiransa Mikhayil. Daga baya na gane cewa haka aka yi a dubban gidaje: Baruk ya koma Boris, Hayim ya koma Yefim, Sara ta koma Sofiya. A nan ne na fahimci cewa gidan Yahudawa na shigo, kuma ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Na taso a inda idan aka ce wa mutum Bayahude ana nufin mugun makiri ne, ga shi kuma wata uku kacal da kisan kiyashin da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila ta ƙasar Lebanon, wanda abokanmu Larabawa na ɗakin kwana suka yi ta kuka a kansa. Ra'ayina game da Falasɗinu bai sauya ba har yau. Sai dai wannan tsohuwa ba ta taɓa taka waccan ƙasa ba, ba ta kuma taɓa ambata mini ita ba, kuma cinyarta da nake soka wa allura fata ce kawai da ƙashi.

A rana ta huɗu da fara zuwana na ɗan makara, na iso bayan duhu ya shiga. Na tarar an ja labule an kama bakinsa da tsinken shanya, an kulle ƙofa, a kan tebur kuma ga faranti ɗauke da ɓarin dankalin turawa guda uku a jere da na huɗu a gefe. An ƙwaƙule cikin kowanne an zuba man girki, an sa lagwanin da aka murza da audugar asibiti, kamar dai aci-balbal ɗin da kakata take kunnawa a ƙauye. Malama tana tsaye fuskarta a murtuke, ta ce wa uwar cikin fushi ai ta gaya mata ta jira in tafi. Tsohuwar ta ce lokaci ba ya jiran kowa, kuma wanda ake kira Musa ba zai kai ƙara ba. Ta yafa ƙyalle a kanta, ta kunna na gefen, ta ɗauki wuta daga gare shi ta kunna sauran ukun, tana karanta wata addu'a cikin Ibrananci wadda a tsakiyarta take yin tuntuɓe ta cike gurbin da gunguni. Ni da na zo da sirinji a hannu, sai da na zauna na jira rabin awa, domin ta ce mace ba ta aiki muddin wutar tana ci, kuma ba a karatu ko ɗinki da haskenta, kallonta kawai ake yi.

Wannan shi ne bikin Hanuka, kuma daren nan shi ne na uku cikin takwas. Labarinsa ban same shi a zama ɗaya ba. Wani ta ba ni, wani na tono da kaina bayan shekaru. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, Antiyokus na Huɗu, sarkin daular Girkawa da ke mulki daga ƙasar Sham, ya haramta wa Yahudawa kaciya da kiyaye ranar Asabar da riƙe Attaura, ya sa aka mayar da Haikalin Ƙudus wurin bautar gunkin Girkawa, har da yanka alade. Wani tsohon limami mai suna Mattatiya a ƙauyen Modi'in ya ƙi, ya shiga duwatsu da 'ya'yansa biyar, bayan rasuwarsa ɗansa Yahuza wanda ake wa laƙabi da Makabi ya ja yaƙin, har suka ƙwato Haikalin a shekara ta 164, suka tsarkake shi suka sake buɗe shi ranar 25 ga watansu na Kisleb. Ma'anar kalmar Hanuka ke nan, keɓe wuri ga Allah. Malamansu na baya sun ruwaito a cikin littafinsu na Talmud cewa da aka shiga ba a samu tsarkakakken man zaitun ba sai tulu ɗaya mai hatimin babban limami, wanda zai isa kwana guda, amma ya ci kwana takwas. Shi ya sa ake kunna ɗaya a daren farko, a riƙa ƙara ɗaya kowane dare. Watanninsu na tsayuwar wata ne kamar namu, sai dai sukan ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, don haka bikin ba ya zagaya shekara yadda azuminmu yake yi, kullum cikin hunturu yake zuwa, a dararen da suka fi tsawo da duhu. Da yake ba a sayar da kalandarsu a kanti, wani tsoho da ke zuwa majami'a ɗaya tilo da ta rage a garin, a unguwar Peresip, shi yake raɗa mata ranar idan sun haɗu a kasuwar Priboz.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar labule. Asalin hukuncin shi ne a ajiye fitilar a bakin ƙofa ta waje ko a taga, domin masu wucewa su gani, don manufar bikin ita ce bayyanawa. Na tambaye ta, to mene ne amfanin fitilar da aka ce a nuna wa duniya idan an ɓoye ta? Ta ce mahaifinta, wanda malamin makarantar allonsu ne da suke kira heder a wani ƙaramin gari na yankin Podoliya kafin gwamnati ta rufe irin waɗannan makarantu a shekarun 1920, ya koya mata cewa malamai sun ce a lokacin haɗari mutum ya ɗora ta a kan teburinsa, hakan ya wadatar. Na ɗauka ta ƙirƙiro ne don ta kwantar da hankalinta, sai bayan shekaru da yawa na ga hukuncin a rubuce a wurin da aka kawo labarin man. Ashe waɗanda suka tsara bikin sun san za a yi zamanin da masu kallon fitilar ba za su wuce mutanen ɗaki ba.

Malama ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ba jahila ba ce, ta fi uwar sanin tarihin. Wata rana tana raka ni tasha ta ce in lura da kyau, yaƙin Makabiyawa ba da Girkawa kaɗai aka yi shi ba. Shekaru kafin dokar Antiyokus, manyan Ƙudus da kansu ne suka nemi zama Girkawa. Babban limami mai suna Yeshuwa ya mayar da sunansa Yason, ya gina filin motsa jiki irin na Girkawa inda samari suke wasa tsirara, har wasu suka nemi dabarar ɓoye kaciyarsu don kada a yi musu dariya. Mutumin farko da Mattatiya ya kashe kuwa Bayahude ne ɗan'uwansa da ya fito zai yi yanka bisa umarnin sarki. Ta ce, "Da a zamanin nake, ni za su fara yankawa. To don me zan kunna musu wuta?"

Ban iya ba ta amsa ba, kuma har yanzu ina ganin akwai gaskiya a maganarta. Na san abin da ya mayar da ita haka. A Janairun 1953, tana 'yar shekara 14, jaridu suka shelanta cewa an kama wasu manyan likitoci, akasarinsu Yahudawa, bisa zargin suna kashe shugabanni da magani. Mutane suka daina karɓar magani daga hannun mahaifinta, aka sallame shi daga kantin maganin da yake aiki, a makaranta kuma yara suka ƙi zama kusa da ita. Stalin ya mutu a watan Maris, aka saki likitocin a Afrilu aka ce ƙarya ce, amma ita ta riga ta ɗauki darasinta. Ta mallaki Rashanci har ta fi masu shi, ta auri ɗan Yukiren, ba ta yi wa ɗanta kaciya ba, ba ta koya masa ko kalma ɗaya ta Yidish ba. Duk da haka a fasfonta na cikin gida, a layi na biyar da ake rubuta ƙabila, kalmar tana nan, kuma kowane ma'aikacin ɗaukar aiki a nan idonsa yake fara sauka. An hana ta zama Bayahudiya, ba a kuma bari ta zama wani abu dabam ba. Hanyar fita ma ta toshe: a 1979 fiye da Yahudawa dubu 51 aka bari suka bar ƙasar, zuwa 1984 ba su kai dubu ɗaya ba, wanda ya nema aka hana shi kuwa yakan rasa aikinsa, masu koyar da Ibrananci a ɓoye irin su Yuli Edelshtain kuma ana ɗaure su. Saboda haka idan ta ce dankalin uwarta zai iya cinye mata aiki, ba raki take yi ba.

Ita tsohuwar, a iya sanina, yaƙin bai dame ta ba ko kaɗan. Ban taɓa jin ta yabi jaruntakar kowa ba. Man take magana a kai, ɗan kaɗan da aka samu a kusurwa bai gurɓata ba, da mutanen da suka san ba zai isa ba amma suka kunna. Ta ga abin da ya isa ya sa mutum ya daina. Lokacin da sojojin Romaniya da na Jamus suka yi wa Odessa ƙawanya ta kwana 73 a 1941, ta samu shiga jirgin ruwa da 'yarta mai shekara uku, mahaifiyarta da ƙannenta mata biyu suka tsaya. Garin ya faɗi ranar 16 ga Oktoba, mako guda bayan haka aka harbe aka kuma ƙona dubban Yahudawa a cikin 'yan kwanaki, a birnin da kafin yaƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa Yahudawa ne. Ba ta san inda nata suka kwanta ba. Ita kuwa guguwar ta jefa ta wani ƙauye a Uzbekistan, aka sauke ta a gidan wata Musulma. A can ta ga matar tana kulle ƙofa ta yi salla, tana tsinkar auduga a gonar gwamnati da azumi a bakinta, idan an miƙo mata abinci ta ce cikinta ke ciwo. A gidan ne ta fara fafe dankali, domin fitilar tagulla mai rassa ta gidansu ta tsaya a Odessa, matar ce kuma ta tsiyaya mata man auduga daga ɗan abin da take da shi, ba tare da ta tambaye ta ko na mene ne ba.

Saboda haka ta san abin da Musulmi yake ci da wanda ba ya ci. Ranar da Malama ta yanko mini kolbasa da shayi, tsohuwar ta miƙa hannu ta janye farantin daga gabana, ta ce, "Wannan ba naka ba ne, ɗana. Mahaifiyarka tana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce, "To idan ka rubuta mata wasiƙa, da wane suna kake sa hannu?" Ba ta ƙara komai ba, ta tura mini wainar dankali da aka soya da mai, wadda ake ci a bikin saboda tunawa da man, su suna ce mata latkes, maƙwabta kuma suna ce mata deruni suna ɗauka abincin Yukiren ne kawai. Ba zan ce a daren na tuba ba, domin an ɗauki watanni. Amma da azumin 1983 ya kama cikin Yuni na ɗauka, na kai shi ƙarshe da jarrabawa da komai, na kuma fara shimfiɗa tawul a tsakanin gado da kabad idan abokin ɗakina ya fita. Sau da yawa a ɗakinta nake shan ruwa, tana zaune kusa da taga tana duba mini faɗuwar rana, ta hana ni taɓa kofi sai ta tabbatar.

A 1984 jikanta ya cika shekara 16, lokacin karɓar fasfo, kuma doka ta bai wa wanda iyayensa suka bambanta ƙabila damar zaɓen ta uwa ko ta uba. Na zaci za a yi rigima a gidan. Ga mamakina, tsohuwar ce da kanta ta ce masa ya rubuta ɗan Yukiren, ya samu shiga jami'a, ta ce takarda tasu ce, su rubuta abin da suke so. A addininsu dai ta wajen uwa ake gado, don haka a wurinta babu abin da tawada za ta sauya. A shekarar bikin ya matso ƙarshen Disamba har ya tarar da bishiyar Sabuwar Shekara, wadda gwamnati ta dawo da ita a 1935 bayan ta cire mata duk wata alaƙa da Kirsimeti ta ɗora mata jan tauraro. Bishiyar tana tsaye a jikin taga da ƙyalƙyalinta kowa yana gani daga titi, a bayanta aka rataya bargo, a bayan bargon kuma yaron da takardarsa ta ce ɗan Yukiren ne yana koyon murza lagwani a kan cinyarsa, kakarsa tana bugun hannunsa idan ya yi kauri.

Na ƙarshe da na halarta shi ne na Disambar 1985. Gorbachev ya hau mulki, ana ta raɗe-raɗin sauyi, ita kuwa zuciyarta ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tashi. A dare na takwas ni na fafe dankalin, ɓari tara, domin hannuna ya saba da wuƙar tiyata, amma kunnawa ba tawa ba ce, na koma gefe na tsaya. Jikan ya jera su, sannan da zafin ƙuruciya ya je ya yaye labulen, ya ce zamani ya sauya, a bar su su gani. Tsohuwar ta ɗago kai da ƙyar ta ce ya rufe, uwarsa tana da aiki gobe, kuma tebur ya wadatar. Ya rufe. Ta fara addu'ar, numfashi ya yanke mata a daidai inda ta saba tuntuɓe, yaron ya ƙarasa da gungunin da ya koya a wurinta, yana zaton haka kalmomin suke. Malama tana tsaye a jikin ƙofa tana sauraron motsin maƙwabta, ba ta sa baki ba, ba ta kuma fita ba.

Ta rasu kafin ƙanƙara ta narke, ni kuma na kammala na dawo gida a bazarar 1986, na ji daga baya cewa Malama da ɗanta sun bar ƙasar a 1990 tare da dubban da suka fita a shekarar. A daren nan na takwas, da wutar ta mutu, na yi aikin da ya zama nawa tun shekarar farko. Ba a jefa ƙonannen dankali mai lagwani a kwandon sharar ɗakin girkin da iyali huɗu suke leƙawa, don haka Malama ta naɗe ɓari taran a cikin tsohuwar jarida, na cusa a aljihun babbar rigata ta sanyi, da sauran ɗuminsu, na yi tafiyar tasha biyu a ƙasa cikin dusar ƙanƙara kafin na samu kwandon da babu kowa kusa da shi.